Takardar Shaidar da Na Yage

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.
Alhamis, 14 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Mamuda da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a wannan Fatakwal taku da ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka, gero ya fidda kai har a jigawar Kutawa, dawa na biye da shi. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi sosai, har ta koma zuwa barka da ƙafarta, tana kuma faɗa da jikoki a kan kajinta kamar da. Maiɗakina Nana Hadiza tana gaishe ki, ta ce in tabbatar maki kuka da daddawar da Ɗanjuma direba zai ba ki tare da takardar nan daga hannunta suke, kada a yi mani godiyar da ba tawa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Sau uku ina kiran ki da niyyar in yi maganar nan, da na ji muryarki sai in tsaya a kan gaisuwa da labarin ruwa, in kashe. Abin da baki ya kasa ɗauka shi ne na ɗora wa alƙalami. Shekara goma sha huɗu ke nan da kika miƙo mani Abdullatif riƙo, yana ɗan shekara biyar, kuma tun kafin nan ban taɓa jin sunanshi a bakinki ba, kamar yadda kowace uwa take yi wa ɗan fari. In kina son labarinshi sai ki tambaye ni lafiyar kowa har da akuyar gida, can a ƙarshe ki ce yaya ɗanka. Yau ki yi haƙuri da ni, zan yi ta kiran sunan, tunda takarda ba ta san alkunya ba. Kafin hankalinki ya tashi, lafiyarshi ƙalau, yana nan yana cin tuwo malmala biyu.

Kin san halina da yara. Shekara tara ke nan ina tara masu son shiga makarantar horar da hafsoshin soja, da yamma in koya masu lissafi da Turanci a zaure, bayan sallar asuba mu yi gudu a hanyar dam. Bana biyar suka zauna jarrabawa, biyu suka ci: Abdullatif da Collins, ɗan maƙwabcinmu Tomas mai walda, wanda kika ba tsarabar takalmi zuwanki na ƙarshe. Ranar da sunaye suka fito na zagaye ɗakin malamai ina nuna wa kowa waya, sai ka ce ni aka ɗauka. Ni na fara kiran Abdullatif Janar, unguwa ta ɗauka, har mai shayi ya daina kiran sunanshi. Abin da ya rage shi ne tantancewa: a duba lafiyarsu, a gwada gudunsu, su zauna gaban hafsoshi a yi masu tambayoyi. Cikin takardun da za su riƙa har da ta shaidar hali daga malamin da ya san su. Ni zan rubuta masu su biyun, ta Abdullatif kuma na so dagacinmu na Rawayau ya buga mata hatimi, tunda can ne asalinmu.

Ranar Asabar, mako uku da suka wuce, aka ɗaura auren wani abokinsu a Kurfi. Abdullatif ya roƙe ni aron babur, na miƙa mashi makulli ina yi mashi ba'a, wai Janar ba ya hawa bayan ɗan acaɓa. Bayan la'asar ina zaure ina duba takardun jarrabawa sai ga Collins ya tsaya da nashi babur, daga shi sai singileti, Abdullatif a bayanshi ya kwanta mashi a kafaɗa kamar buhun gero. Ya sauko da shi da ƙyar. Goshinshi ya kuje, wandonshi duk laka, amma ba wannan ya tsayar da ni ba. Wari ne ya doki hancina, warin da bai taɓa shiga zauren gidana ba, amma ba sai an gaya mani ko na mene ne ba. Yaya, ɗanmu giya ya sha.

Daga nan ne nawa laifin ya fara, kuma shi ya fi nauyi a bakina. Na dubi Abdullatif, na dubi Collins, na yanke hukunci ban tambayi kowa ba. Collins yana ta cewa Malam ka tsaya ka ji, ni kuwa na ce ya fita mani daga gida. Na ce laifinmu ne da muka bar ɗanmu yana yawo da wanda giya ba komai ba ce a gidansu. Har ranar Litinin ban huce ba, na tafi shagon Tomas, gaban masu jiran aiki da masu koyon sana'a, na maimaita maganar da ƙarfi, na ƙara da cewa ɗanshi ya nemi wani malamin ya rubuta mashi shaida, ni hannuna ba zai taɓa ta ba. Tomas ya kashe injin, ya cire baƙin gilashin daga idonshi, ya dube ni tsawon lokaci. Ya ce ya ji, Malam. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Ina komawa gida na tarar da saƙo daga Rawayau. Ashe a kan hanyar dawowa Abdullatif ya bar hanya ya afka gona, ya banke Malam Hudu da ke fitowa da fartanya a kafaɗa. Kin tuna shi, maƙwabcin gonar marigayi Baba, wanda yake gasa mana masara muna yara. Hannunshi na dama ya karye a wuyan hannu, ga shi lokacin maimai, 'ya'yanshi maza kuma duk suna Legas. Dagaci ya ce mu zo ranar Talata. Na shiga ɗakin Abdullatif na same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya yi mani shiru, ya riga ya yi nashi, saura nawa. Na ce abin da za mu faɗa shi ne birki ya kwance, ba wani abu ba. Na je na ɗauko babur ɗin daga inda aka jingine shi a ƙauye, na shigo da shi gida, na sa filaya da hannuna na sassauta wayar birkin, Abdullatif yana tsaye yana kallona. A ranar kuma na zauna na rubuta takardar shaida da Turancina mai kyau, na ce shekara goma sha huɗu ban taɓa sanin yaron nan da wani abin ashsha ba. Na ce wa kaina rufa asirin Musulmi lada ne. Ban tsaya na ga cewa mayafin da nake rufe ɗana da shi daga jikin ɗan wani na fizgo shi ba.

Ranar Talata da hantsi muka zauna a zauren dagaci. Malam Hudu na gefe, maɗori ya ɗaure mashi hannu da kara, ya rataye shi a wuya da tsohon rawani. Na yi bayani mai tsawo irin namu na malaman makaranta, na kawo yadda laka take cin birki da damina, har na ce a je a matsa a gani. Ɗaya daga cikin dattawa ya fita ya matsa, ya dawo ya ce lallai birki ba ya ci. Malam Hudu ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi dai hannu ne ya karye, hancinshi na nan lafiya lau, kuma da hannun hagu ya ɗago kan yaron daga cikin kunyar gona ya ji abin da ya ji. Amma tunda Malam ya ce birki ne, to birki ne, shi bai yi karatun babur ba. Ya ce abin da ya kawo shi dabam ne. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fiddo wata riga shuɗiya, an wanke ta an ninke, ya ce Fatu matarshi ta ce a mayar wa mai ita. Ya tambaya ina ɗayan yaron, wanda ya biyo Abdullatif a guje yana ihu a tsaya, ya tuɓe rigarshi ya ɗaure mashi hannu, ya goya shi har gidan maɗori kafin ya koma ɗaukar abokinshi. Ya ce ya so a zo da shi ya sa mashi albarka.

Na zuba wa rigar ido. Ina jin motsi a gefena, ashe Abdullatif ne ya matsa gaba ya durƙusa. Ya ce, ranka ya daɗe, lafiyar birki ƙalau a ranar. Ya ce Sabitu ne, ɗan gidan Baffanmu na Kurfi, ya zo da abin a robar lemo, kuma bai ɓoye masu ko mene ne ba. Wai ya yi ta tsokanar shi gaban samari, yana cewa Janar ɗin da ke tsoron roba ina zai iya tsayawa gaban bindiga. Ya ce da saninshi ya karɓa ya sha, ba wanda ya ɗura mashi. Collins ko taɓawa bai yi ba, shi ne ma ya ƙwace makullin babur, sai da suka yi kokawa shi Abdullatif ya karɓe abinshi ya tafi. Dagaci ya gyara zama ya ce to in haka ne, me ya sa birkin da aka matsa yanzu ba ya ci. Abdullatif ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Yaya, ni yake rufa wa asiri. Yaron da na zo in rufe, shi ya tsaya yana rufe ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni ne, da filayata. Na fiddo takardar shaidar da na zo da ita don a buga mata hatimi, na yage ta a nan gaban kowa, don na kasa jure nauyinta a aljihuna.

Dagaci bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mani sauƙi. Ya ce yaro ya yi wautar yaro, amma babba da ya san daidai ya kauce, shi ne abin tsoro. Ya ce ba zai kai maganar gaba ba in mai hannu ya yafe, amma hatiminshi ba zai hau takardar kowa ba sai ranar da Malam Hudu ya ce a buga. Malam Hudu ya ce hannu dai ya yafe, ƙaddara ce, amma ciyawa ba ta san yafiya ba, tana can tana cinye mashi dawa. Ya ce Janar ya zo ya yi mashi maimai. Dagaci ya ce gonar da faɗi, wanda ya iya riƙe filaya ai zai iya riƙe fartanya. Haka aka tashi.

Kwana tara muka yi a gonar nan, ni da Abdullatif, tunda an ba da hutu. Rabona da fartanya tun ina kwalejin horon malamai. Rana ta biyu tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ɗalibaina na Rawayau suna wucewa a kan babur suna cewa sannu da aiki Malam, ina jin dariyarsu in sun yi nisa. Malam Hudu kuwa ya shimfiɗa buzu a gindin marke yana ba da umarni kamar shi ne hafsan. In Abdullatif ya tsallake ciyawa sai ya ce, Janar, haka za ka riƙa barin abokan gaba a bayanka. Ni kuma ya ce kunyata ta karkace kamar labarin birkina. A gonar nan ne, muna shan farau-farau a inuwa, na yi wa yaron tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya ce tsoro yake ji, Kawu. Ba wai ba ya son aikin ba, yana so. Amma tun da aka fara kiran shi Janar bai ƙara samun wanda zai gaya wa cewa yana tsoron a dawo da shi ba, ni da zai gaya wa kuwa ni ne mai kiran sunan. Da Sabitu ya taɓa wurin, sai ya ga gara ya sha da a gane. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa iyaye su riƙa sauraron 'ya'yansu, ga nawa a gida ɗaya da ni ban saurare shi ba.

Maganar Tomas ita ce ta fi wuya. Na ɗauki rigar nan shuɗiya na je gidanshi bayan la'asar, ina so in ba da haƙuri a cikin gida, asiri a rufe. Priscilla matarshi ta karɓi rigar ta duba ta. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana aiko mana shinkafar Kirsimeti muna aiko mata naman Sallah, ba ta san ashe haka muke ganin su ba. Tomas ya ce shi bai taɓa sa giya a bakinshi ba, cocinsu ma ta hana, kuma ya yi shiru ne ranar don Collins ya roƙe shi kada a faɗi gaskiya abokinshi ya rasa makaranta. Sannan ya ce ba a gida na ci mutuncinshi ba, a shago ne, to a can yake jira na. Gaskiyarshi ce, inda aka ɓata a nan ake gyarawa. Washegari na je a daidai lokacin da na je wancan karon, na tsaya inda na tsaya, na ce wa duk wanda ke wurin ƙazafi na yi wa yaro, na yi wa gidansu. Tomas ya miƙo mani hannu ya ce ya wuce. Priscilla dai har yau gaisuwa a taƙaice take amsa mani, kuma ban ga laifinta ba. Na rubuta wa Collins takardarshi, ban taɓa rubuta wadda ta fi ta sauƙi ba. Ya dawo gudun asuba, yana tsere wa Abdullatif kamar kullum, yana waiwayowa yana ce mashi Janar Birki.

Ta Abdullatif kuwa sai da na yi kwana uku a kanta. Maganar ba ta je hannun hukuma ba, saboda haka ba wata takarda da ta tilasta mana faɗa. Amma na kasa sake rubuta waccan jimla. Na rubuta abin da na sani na ƙoƙarinshi da karatunshi, sannan na ƙara layi uku. Na ce sau ɗaya ya sha abin maye ya ji wa dattijo ciwo, ya amsa laifinshi da bakinshi a gaban dattawa a lokacin da wani babba ya buɗe mashi ƙofar ƙarya, ya kuma biya da ƙarfinshi. Nana Hadiza ta ce da hannuna zan sare mashi ƙafa, kuma wataƙila gaskiyarta. Na ba shi ya karanta, na ce in yana so a cire layukan a bar sauran, ba ƙarya a ciki, zan cire. Ya karanta sau biyu. Ya ce a bar su, domin in likita ko hafsoshi suka tambaye shi ko ya taɓa sha, eh zai ce, to gara bakinshi da takardarshi su zama ɗaya. Jiya Malam Hudu ya zagaye gonarshi kunya-kunya, ya tsinci ciyawa biyu ya ce a ɓangaren Malam suke, sannan ya aika wa dagaci. An buga hatimi.

Ranar Litinin za su tafi wurin tantancewar, Abdullatif da Collins, mota ɗaya. Ban sani ba ko za a ɗauke shi, ba zan yi maki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In aka dawo da shi saboda layukan nan uku, ni na rubuta su, ki kama ni. In kuma kin ga ban cancanci riƙon ba bayan abin da na yi, ba ni da bakin musu. Inna ba ta san komai ba, na bar maki ki zaɓi ko a gaya mata. Sabitu na kai maganarshi gun Baffa, wannan kuma labari ne na wata rana.

Roƙo ɗaya nake da shi. Na gaya wa Abdullatif zan rubuto maki, bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, Umma za ta yi shiru kamar yadda ta saba, shi kuma ba zai san ko shirun alkunya ne ko na fushi ba, da wannan zai shiga mota. Ɗanjuma ya ce zai iso ku ranar Asabar in Allah ya yarda. Don Allah, Yaya, ki kira wayata ranar Lahadi, in miƙa mashi. Ba sai kin ambaci sunanshi ba. Ko Allah ya tsare hanya kika ce, ya isa.

Ki gaishe mani da Alhaji Mamuda da kyau, in kin ga ya dace ki ba shi ya karanta, ni kunya ta hana ni rubuta mashi tashi. Ki gaishe da Zubair, ki ce ina jiran sakamakon jarrabawarshi, da Hafiza da auta. Inna da Nana Hadiza da yara duk suna gaisuwa. Malam Hudu ma ya ce in gaishe da Turai mai satar masara. Shi kuma yaron yana nan zaune a bakin zaure yana goge takalmin gudu, ya ce in rubuta cewa ɗan Kawu yana gaishe ki, kamar yadda muka saba. Na ce mashi wannan karon ba haka zan rubuta ba. Abin da ya yi a zauren dagaci ba a wurina ya gani ba, a nono ya sha shi. Ɗanki yana gaishe ki.

Wassalam.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Atiku.